Dodon da Na Mayar Ango

Ku da kuke taruwa a bakin shagona ranar Asabar kuna leƙe, kuna cewa ai wannan ko ƙanwata ta firamare za ta iya, ku ja benci ku zauna. Sunana Garba, amma a unguwar PZ ta Zariya in ba ka ce Baba Mai Kala ba, ba wanda zai nuna maka ƙofata. Boko a aji huɗu muka yi sallama da shi, shi ya gaji ni ma na gaji. In kun ga harafi ya karkace a rubutun nan ku yi haƙuri. A takarda ne kawai yake karkace mini, a jikin mota bai taɓa ba.

Aikina na farko a sana'ar fenti wankin burushi ne. Maigidana Oga Silbanus, mutumin Kudu ne, shagonsa na kusa da inda manyan motoci ke lodi a Sabon Gari. Ya shekara da shekaru a Zariya, amma har ya koma ga Allah bai yarda akwai bambanci tsakanin namiji da mace a Hausa ba, kowa "ke" ne a wurinsa, har da direbobin tirela masu gemu. Yana da wani gwangwanin madara da muke zuba kananzir muna wanke burushi a ciki. Kafin azahar ruwan ya koma wani abu da ba shi da suna, ba baƙi ba, ba ja ba, kalar kwata dai. Ran nan na ajiye shi kusa da allon wani mai gidan burodi da muka gama, fari tas da jan rubutu, sai ƙafata ta ture shi. Ruwan ya bi kowane layi na katakon, ya shige kowane rami, ya zauna. Oga ya dubi allo, ya dube ni, ya ce, "Ke Garba, wannan fenti ne abi kunu?" Ranƙwashin da na sha a ranar, har yau in hadari ya haɗu wurin yana yi mini ƙaiƙayi. Tun daga nan, ruwan wankin burushi bayan shago nake kai shi in zubar, kamar mai binne asiri.

Zaki na farko da aka bar ni in taɓa, a bayan wata motar tumatir ne mai zuwa Kudu. Oga ya zana, ya ba ni gashin wuya in cike. Ina tsaye a kan durom, gwangwanin fenti yana ƙasa, ga rana. Fenti ya ƙare a burushi, ƙyuya ta hana ni sauka, sai na ci gaba da jan sa a bushe. Ya bar wani irin zane-zane kamar kaza ta yi tono. Oga ya miƙo mini samfefa. Na goge zakin nan tun daga hanci har jela, direba yana zaune a inuwa yana cin rake yana yi mini kirari. Darasin shi ne, burushi ba ya tafiya da yunwa. In zai taɓa allo, ya taɓa shi a ƙoshe.

Amma babbar dokar Oga a kan fuska take. Wani mai aski a Unguwar Gabas ya ce a yi masa allo, a sa fuskarsa a tsakiya. Mutumin yana da giɓi, ido ɗaya ya fi ɗaya girma, ga kunnuwa kamar na faranti. Ni kuma lokacin hannuna ya fara faɗawa, sai na zana shi sak, yadda ko uwarsa ta gani daga kan babur za ta ce a tsaya. Ina jiran yabo, Oga ya kama kunnena ya ce wanda yake son gaskiya madubi yake saya, ba ya zuwa wurin mai fenti. Muka cike giɓi, muka daidaita ido, muka rage kunne. Mai aski ya zo ya tsaya ya daɗe yana kallo, ya ce, "Kai, kamar na yi magana!" Daga ranar ba fuskar da ta fita daga hannuna babu fararen haƙora, babu tozali, babu ɗan ɗigon haske a ido. Ko kada ne na zana a jikin mota, murmushi yake yi.

Da wannan na ci abinci har na buɗe nawa shagon. Na yi wa makarantun Islamiyya allo, na yi wa majami'u na bikin godiyar kaka, na rubuta sunan 'yan takara a katanga, bayan zaɓe waɗanda suka ci su kira ni in shafe na waɗanda suka faɗi. Direba kan kwana biyu a Zariya da kaya a mota don kawai yana jiran layi ya zo kansa.

Sai injin buga bana, mai buga hoto da rubutu a leda, ya shigo gari. Ba rana ɗaya abin ya faru ba, amma ni rana ɗaya na gane. Wani mai kemis da nake yi wa allo tun yana saurayi ya wuce ta gabana da wata leda a naɗe a hammata, ya gaishe ni yana kallon sama kamar mai neman jinjirin wata. Da yamma na ga an rataya ta: hoton likita Bature yana dariya, ga ƙwayoyi kala-kala, an buga an gama kafin ni in gama jiƙa alli. A shekarar nan aikin da ya rage mini shi ne rubuta BA A FITSARI A NAN a katangun mutane. Kuma ko shi, ku je ku duba, ba a bin dokar. Na sayar da tsani. Fenti ya yi ɓawo a gwangwani. Na koma ina buɗe shago da safe, in share, in kunna rediyo, in taya Malam Hudu tela, maƙwabcina, gulmar masu wucewa.

Ɗana Nasiru ma'aikaci ne a sakatariya, mutum mai son komai ya zauna a layinsa. Ba mugun yaro ba ne, shi ke ɗauke da gidan. Ya zo wata ranar damina ya tsaya a ƙofa, ya dubi gwangwanaye, ya dube ni.

"Baba, akwai wani mai sayar da kayan waya, yana son wurin nan. Ka huta haka nan. Me ake yi a ciki?"

"Ana jiran aiki."

"Tun yaushe ake jiran?"

"Kai da aka jira wata tara, an yi asara ne?"

Ya yi dariya, amma bai saki maganar ba. Muka yi ta ja har muka tsaya a kan sharaɗi, Malam Hudu ne shaida. In kafin ƙarshen wata wani ya kawo mini aiki, kuma shi wannan mutumin ya sake dawowa da ƙafarsa ya kawo wani, Nasiru zai bar maganar har abada. In ba haka ba, in miƙa makulli. Ya ce aiki ɗaya tausayi ne, na biyu shi ne sana'a. Na rasa inda yaron ya samo wannan bakin.

Ana yayyafi wata yarinya ta sauko daga keke da kwalin takalmi a ƙirji, ta rufe shi da gyale. Ɗalibar jami'a ce daga Samaru, sunanta Rifkatu, 'yar kudancin Kaduna.

"Baba, sannu da aiki."

"Wane aikin, 'yata? Sannu da zama dai."

Ta buɗe kwali. A ciki wasu 'yan halittu ne na roba, kalar toka, kowanne bai wuce tsawon yatsana na tsakiya ba. Ƙusumbi, hannuwa har gwiwa, hanci kamar dankali, haƙora biyu sun fito waje, kowanne da kulki. Ta ce Turawa tirol suke ce masa, wani irin dodo ne na tatsuniyarsu mai zama ƙarƙashin gada. Wani ɗan ajinsu, Mubarak, yana da inji mai narka zaren roba yana gina su. Wasa suke yi da su a kan tebur: kowa ya jera rundunarsa, a jefa 'ya'yan ludo masu fuska da yawa, a auna tafiya da tef, a yi yaƙi har wani ya ƙare.

"Manya da ku? Da kuɗin makaranta a kanku?"

"Baba, har lakcara muna da shi a ciki."

Ta ce ranar Asabar 'yan wasan Kaduna da Kano za su zo Samaru a kara, kuma dokarsu ita ce abin da ba a yi wa fenti ba ba ya hawa tebur. Ita ga tes, ga asaimen, ba lokaci. Wani mai gadi ne ya ce mata akwai tsoho a PZ da ya taɓa zana zaki har akuya ta gudu. Ban ƙaryata ba. Ta bar mini guda ɗaya gwaji, ta ce za ta dawo ranar Alhamis da sauran.

Na ɗauki dodon nan na duba shi da kyau, tausayinsa ya kama ni. Na fasa ɓawon fentin mai, na tace, na yanke burushi har ya rage 'yan gashi. Fatarsa duk ƙuraje da tsaga, na bi na cike su da fenti mai kauri har ta yi sumul. Na ba shi kalar wankan tarwaɗa. Haƙoran nan biyu na mayar da su farare ƙal. Na sa tozali, na ɗiga haske a ido. Ɗan tsumman da ya ɗaura a ƙugu na mayar da shi shuɗiyar shadda har da aiki a baki. Kulkin ma na yi masa zobe na ruwan zinariya. Kwana na yi ina wannan, na sake kwana.

Malam Hudu ya leƙo ya gan ni na sunkuya a kan ɗan gunki ina hura masa iska. Ya ja da baya ya ce, "Garba, in talauci ne ya kai ka ga wannan, ka faɗa mana a yi karo-karo." Kafin la'asar wani mai sayar da gwanjo ya zo ya tsuguna, ya yi ƙasa da murya, wai ya ji an ce na fara ba da sa'ar kasuwa. Na ce masa in ina da ita da kaina zan fara.

Ranar Alhamis Rifkatu ta zo da Mubarak, wani dogo mai tabarau. Na yaye ƙyallen da na rufe aikin da shi, na koma gefe na harɗe hannu. Suka matso suka leƙa. Sai Mubarak ya juya ya fuskanci bango, kafaɗunsa suna rawa. Rifkatu ta zauna a kan benci ta riƙe ciki.

"Baba! Wayyo Allah, Baba, ango ka yi mana! Ina amaryar?"

"Me ya same shi?"

"Mutane yake ci fa! A ƙarƙashin gada yake kwana!"

"To don yana cin mutane sai ya fita cikin jama'a ba wanka?"

Dariyar ta tsaya ne lokacin da ta ɗauke shi. Fentin mai da damina ba sa shiri, ya manne mata a yatsa, shaddar ta biyo hannunta. Ta duba fatar da na shafe, duk ƙurajen da injin Mubarak ya wahala ya fitar sun nutse. Jibi wasa. Ta goge yatsa a gyale, ta mayar da murfin kwalinta, ta ce cikin ladabi, "Ba komai Baba, mun gode. Za mu san yadda za mu yi."

Na dubi kwalin nan a hammatarta, na ga makullina ne yake shirin hawa keke. Na ce, "Tsaya, 'yata. Ni ban taɓa munana fuska da gangan ba. Nuna mini irin munin da kike so."

Mubarak ya ciro waya ya kunna mini bidiyo. Hannuwan wani Bature ne kawai ake gani, da dodo irin namu. Ya shafa kala ɗaya sama-sama, ko tsakanin yatsu bai bi ba. Sai ya ɗauko wani ruwa, ba baƙi ba, ba ja ba, ya kwarara wa dodon tun daga ka. Ruwan ya bi kowane layi, ya shige kowane rami, ya zauna. Na ce a tsayar.

"Wannan ruwan mene ne?"

"Shi ne sirrin, Baba. Sayar da shi ake yi a 'yar kwalba, da tsada."

"Sayarwa? Ruwan wankin burushi?"

Aka ci gaba. Baturen ya tsoma burushi a fenti mai haske, ya goge shi a takarda, ya goge, ya goge har ya bushe, sannan ya ja shi a kan dodon, a bushe, da yunwarsa. Na dafe wurin ranƙwashina. Na ce, "Wannan bawan Allah ba shi da maigida ne?" Amma ina kallo ƙuraje suna tasowa, jijiyoyi suna fitowa, haƙarƙari yana bayyana. Kafin shayi ya huce abin ya zama dodo na gaske, wanda in ka gan shi a lungu za ka nemi addu'ar da ka haddace. Duk abin da aka dake ni a kansa ina yaro, shi wani yake koyarwa a waya, har ana gode masa.

Na ce su bar mini kwalin zuwa gobe bayan la'asar. Mubarak ya dubi Rifkatu, ya ce da ita a hankali wai in aka sake samun angwaye fa, sai dai su buɗe gidan biki. Ta yi ɗan tunani, ta ajiye kwalin a kan benci. Ta ciro 'yan robobin fentin ruwa irin na ɗaliban zane, wanda ke bushewa da wuri, ta ajiye a kai. Ta ce, "Baba, don Allah, kada ka ji tausayinsu."

To ku masu cewa da sauƙi, ga yadda Juma'ar nan ta tafi. Da safe na wanke su da ruwan omo, don roba tana da maiƙo, fenti ba ya kama ta. Na tauna cingam, abin da rabona da shi tun ina saurayi, na manna kowane dodo a kan murfin kwalba don in sami abin riƙewa. Na karɓo ragowar fentin feshi mai kalar toka a wurin masu gyaran jikin mota, na jera su a kan kwali a waje, na fesa daga nesa, sama-sama. In ka matso kusa ka cike ramukan, ka koma gidan jiya. Daga nan ban ɗauki ɗaya in gama shi ba. Yadda muke yi wa motoci in sun yi layi haka na yi: kala ɗaya, a bi kowa da ita, kafin ka kai na ƙarshe na farko ya sha iska. Fata na haɗa kore da ruwan ƙasa har ya koma kalar gansakukar bakin rijiya. Tsumma kalar buhun da ya ga duniya. Kulki kalar itacen da aka tsinta.

Sai aka zo wurin ruwan. Na haɗa baƙi da ja da ruwan ƙasa, na tsinka shi sosai, na ɗiga sabulun wanke-wanke kaɗan don ya gudana ya shiga lungu. Na cika burushi, na kai kan dodo na farko, hannuna ya tsaya. Wallahi ya tsaya, kamar jakin da ya ga gada. Shekara nawa ina kai wannan abin bayan shago. Na waiwaya, ba kowa sai Malam Hudu yana cin goro. Na ce, "Oga, ka yafe ni," na kwarara. Na bi sauran. Suka yi baƙi ƙirin, suna ɗiga, kamar an tsamo su daga kwata. Na ce shi ke nan, na kashe wa yarinya runduna. Na aro fankar Malam Hudu na saita musu, na ja ƙofa, muka tafi masallaci. Huɗubar ranar a kan haƙuri aka yi ta, amma ni rabin hankalina yana gaban fanka, Allah Ya yafe.

Da na dawo ruwan ya janye daga tudu ya kwanta a kwari. Kowace tsaga ta fito, kowane ƙurji ya sami inuwarsa. Na ɗauko wani tsohon burushi da ya baje kamar tsintsiya, wanda da a da ne da na jefar. Na taɓa kore mai haske, na goge a tsumma har sai da na ja a bayan hannuna ban ga komai ba sai ɗan ƙura. A nan yawancinku kuke faɗuwa, kuna gogewa sau biyu ku ce ya isa. Bai isa ba. In kana ganin fenti a burushin, da sauransa. Na ja shi a hankali daga sama zuwa ƙasa, kan ƙusumbi, kan hanci, kan gwiwa, inda rana za ta fara taɓawa. Ido da tsinken sakace na ɗiga shi, ja, ba haske. Haƙora na haɗa kala na ɓata, na sake haɗawa, ban samu ba, sai Malam Hudu ya yi hamma. Na ce ya sake, ya tambayi dalili, na ce ina duba masa lafiya ne. Ƙasan da suke tsaye a kai na shafa gam na kafinta, na barbaɗa yashi, na karɓo busasshen ganyen shayi wurin mai shayi ya zama ciyawa.

Rifkatu ta iso bayan la'asar, ita kaɗai, da biro a gashi. Ta ɗauki ɗaya ta kai shi dab da hanci, na ga goshinta ya tattare. Daga nan kusa duk dabbare-dabbare ne, ni ma na sani. Na ce ta ajiye shi a kan benci ta ja da baya, don zakin mota ba a kallonsa da hanci a jikin ƙarfe. Ta ajiye, ta ja baya. Sai ta ce, "Kai! Baba, wannan ko a mafarki ba na so." A sana'ata ba a taɓa yi mini yabo mai daɗin wannan ba. Na gyara tsayuwa zan yi mata bayanin hikimar kallo daga nesa, wadda na ɗauka ni na gano ta, ta ce ai Baturen ma ya faɗa a ƙarshen bidiyon, mun kashe ne kafin a kai wurin. Ta sallame ni, ta shirya su cikin auduga, ta hau keke.

Asabar ta wuce, ban ji komai ba. Lahadi ta wuce. Sati ya juyo, ba Rifkatu ba labarinta. Duk keken da ya rage gudu a gaban shago sai na miƙe, sai in ga mai kai ɗinki ne. Malam Hudu ya daina tsokanata, abin da ya fi tsokanar ciwo.

Ranar ƙarshen wata Nasiru ya zo da mai kayan waya, wani matashi mai turare, da tef ɗinsa na awo. Matashin ya gaishe ni da ladabi, ya shiga auna bango, yana faɗin inda zai sa gilashi. Nasiru ya ce, "Baba, alkawari." Na ce na sani. Na sa hannu a aljihu na ciro makulli, ina ɓata lokaci wajen kwance shi daga igiya, sai ga keke. Rifkatu ta sauko, ba kwali, hannunta a dunƙule.

"Baba, yi haƙuri, jarrabawa ce ta riƙe ni. An cinye mu fa! Tun zagayen farko 'yan Kano suka kashe su duka."

"Duka? Da munin nasu?"

"Duka. Amma sun fi kowa shan hoto. Kowa tambaya yake wa ya yi." Ta buɗe hannu. Dodo ɗaya ne, hannunsa mai kulki ya ɓalle daga kafaɗa. "A keke ya karye. Za a iya gyarawa?"

Na dubi Nasiru. Nasiru ya dubi dodo. Ya gyara murya irin ta ofis ya ce, "Wannan ai ba sabon aiki ba ne, Baba. Tsohon ne ya dawo."

"Da ƙafar wa ya dawo?"

"Gyara daban, aiki daban."

Muka juya ga shaida. Malam Hudu ya tsayar da keken ɗinki, ya tofar da goro, ya ce shi dai a sana'arsu wanda ya kawo wando a rage masa ƙugu aiki ya kawo, kuma da gyara ya aurar da 'ya'yansa. Rifkatu ba ta san me ake ciki ba, ta ce in maganar aiki ce, Mubarak yana can yana buga wa wani lakcara runduna guda, kuma 'yan Kaduna sun ce za su aiko da nasu bayan hutu. Nasiru ya ce bayan hutu ba yau ba ne. Yaron nan da alƙali ya zama da an sha wuya.

Ban ƙara gardama ba. Na ajiye makulli a kan benci, na ɗauko 'yar kwalbar gam mai kama ƙarfe, na ɗiga a kafaɗar dodo, na saita hannun. Na ce, "Nasiru, idona ba ya gani sosai, hannuna kuma rawa yake. Riƙe mini nan. Wannan hannun ka kama jikin, wannan ka danna kafaɗar. In ka motsa ya karkace har abada, yarinyar mutane ta yi asara."

Ya karɓa, da rigarsa ta ofis, ya tsuguna a bakin ƙofa, hannu biyu a kan dodo. Ya ɗan jima, sai ya matso da shi kusa da fuska, ya juya shi wajen haske a hankali.

"Baba, kai ka yi wannan jijiyoyin?"

"Kar ka motsa."

"Haƙoran nan kuma kamar na san su a wani wuri."

Malam Hudu ya rufe baki ya koma kan kekensa. Mai kayan waya ya gama awo, ya tsaya, ya duba agogo, ya ce, "Yallaɓai, makullin fa?" Nasiru bai ɗago ba, ya ce masa ya ga dai hannunsa ba sarari, ya je kawai, zai neme shi. Ya ƙara da cewa kada ya jira kiran, ya duba wani wurin ma. Mutumin ya naɗe tef ɗinsa.

"Baba, har yaushe zan riƙe?"

"Sai ya kama."

Gam ɗin nan, ku da kuke aiki da shi kun sani, kafin ka ce bisimilla ya kama. Ni dai ban gaya masa ba sai da na ga mai waya ya hau babur ya sha kwana.